A Gidan Wa Ka Sauka? Baƙo da Masaukinsa a Birnin Kano

A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin a faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa a gurbinta, wadda motoci da 'yan adaidaita sahu ke kutsawa ba dare ba rana. Masu kishin tarihi sun yi ta ƙorafi a lokacin, kuma da gaskiyarsu, don ginin ƙasar da aka ture ya shafe ɗaruruwan shekaru a tsaye. Sai dai aikin da aka gina ƙofar dominsa ya riga ginin mutuwa da daɗewa. A da, ƙofar gari ita ce wurin farko da ake tsayar da baƙo. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, shi ke buɗewa da safe, ya rufe idan duhu ya yi. Wanda dare ya riska a waje, a wajen zai kwana ko da raƙuma ɗari ya zo. Wanda kuwa ya iso da rana, abin da aka fi son ji daga bakinsa shi ne wurin wa ya zo.

Yau babu mai tare kowa a bakin ƙofa, amma tambayar tana nan da ranta a lungunan cikin gari. Idan baƙo ya je gaida wani dattijo a Ƙofar Na'isa ko Mandawari ko Gwale, bayan "sannu da zuwa" da "ya hanya" da "ya ka baro mutanen gida", abin da zai biyo baya shi ne, "A ina ka sauka?" Mai tambayar sunan mutum yake jira. In aka ba shi sunan otal, sai ya yi jim, ya ce, "Haba ɗan nan, muna garin nan za ka je ka kama ɗaki? Sai ka ce marar kowa." Baƙon zai yi ta ba da haƙuri, ya ce wurin aiki ne suka kama masa. Sau da yawa ba haka ba ne, shi ya kama da kuɗinsa, kuma yana da dalilinsa.

Duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Na'isa, a kan titin Jami'ar Bayero, ya juya wa ganuwa baya, to kusan duk wani masaukin kuɗi da ke Kano yana wajen ganuwar ne: Nassarawa, Bompai, Sabon Gari, Fagge, titin gidan Zoo, titin Zariya, Hotoro. A bayansa kuwa, cikin badala, inda gidan Sarki da Kasuwar Kurmi da Dutsen Dala suke, da wuya ka ga otal mai suna. Ba don cikin gari ba ya karɓar baƙi ba ne. Ina jin babu yankin da ya fi shi yawan baƙin da ke kwana a kowane dare. A soraye suke kwana, da shagunan samari, da ɗakunan tsofaffi, da zawiyoyin malamai, inda babu rajista kuma babu rasit.

Garin da baƙi suka yi wa unguwanni

Sunayen unguwannin birni kaɗai sun isa su nuna yadda aka saba saukar baƙo a Kano. Akwai Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi ta Yarbawa, da Agadasawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, da Alfindiki mai maƙwabtaka da harkar fataucin sahara. Sharifai na danganta kansu da Shaihu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma faɗaɗa ganuwar da Gijimasu ya soma. Can arewa, a wajen ganuwa, Fagge ta kasance zangon Abzinawa masu kawo gishiri a kan raƙuma. Wato baƙo ba ya shiga Kano ya yi ta yawon neman ɗaki. Yana nufar unguwar mutanensa, inda ake jin yarensa, aka san kayan da ya ɗauko, aka san ubansa ko ubangidansa.

A can zai tarar da fatoma. Wannan mutum shi ne ginshiƙin fataucin ƙasar Hausa, ko da yake ba a cika ambatonsa ba kamar yadda ake ambaton madugu. Madugu ke ja-gorar ayari a hanya, amma da zarar an sauke kaya, ragama ta koma hannun fatoma. Shi zai ba falke ɗaki, ya sa a kai masa tuwon dare daga cikin gida, ya ajiye masa kaya a ɗakin ajiya, ya samo wurin ɗaure dabbobi. Shi zai haɗa shi da dillali, ya gaya masa wane ne mai cika alkawari a kasuwa, wane ne ake yi wa kallon nesa. In baƙon ba ya jin Hausa, ya yi masa tafinta. In rigima ta kai gaban alƙali, ya tsaya masa. Ba ya cewa a biya shi kuɗin ɗaki, ladansa na cikin la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa, da kyautar da falke zai yi masa idan zai tafi. Saboda haka ribar baƙo ribarsa ce, in kuma aka cuci baƙon, sunan gidansa ne ya ɓaci, kuma labari ya fi ayari sauri.

Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda fatauci ya kai su. A hanyar Gwanja, inda ake sayo goro daga Salaga, haka aka yi. A zangon Kumasi haka ake yi. A Sabo ta Ibadan, wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda masu gidajen saukar baƙi ke riƙe da cinikin shanu da goro. Abin da ya gani shi ne, Bahaushe zai kawo shanu daga Arewa ya sayar wa mahautan Ibadan bashi, alhali bai san su ba, saboda maigidansa ya san su kuma ya lamunce. In mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ne zai biya. Babu wani banki a wancan lokacin da zai yi wa mai shanu wannan.

Har Turawan farko da suka shigo Kano ta wannan hanya suka bi. Hugh Clapperton ya iso a watan Janairun 1824 da takardar gabatarwa zuwa ga wani attajiri mai suna Hat Salah, aka sauke shi a wani gida kusa da fadamar Jakara, ya yi ta kuka da wari da kududdufai. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso a watan Fabrairun 1851, ya sauka a wajen Dala a wani gida mai duhu, ga zazzaɓi, ga bashi, ga wakilin da bai gamsu da shi ba. Shi ne ya ƙiyasta mazauna Kano a kan dubu 30, ya ce a lokacin da ayarori ke shigowa, tsakanin Janairu da Afrilu, adadin kan kai dubu 60. In lissafinsa ya yi daidai, to garin na ninka kansa da baƙi a kowace rani, kuma dukkansu suna samun wurin kwana ba tare da otal ko ɗaya ba.

Otal ya zo ne da wani irin baƙo dabam. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka yi mazauninsu a Nassarawa da Bompai, gabas da ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka yanka musu Sabon Gari a wajen birni. Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka zauna a yankin da yanzu ya zama Kantin Kwari. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. Waɗannan baƙin ba su da fatoma a Kurmi, kuma manufar Turawa ita ce kada su cuɗanya da mutanen cikin birni. Don haka masaukin kuɗi ya tsiro a inda suke, ya kuma ci gaba da yaɗuwa a can. Central Hotel na kan titin Bompai. Daula, wanda a da shi ne abin alfaharin gwamnatin jiha a titin Murtala Muhammad, ya mutu tun da daɗewa, gine-ginen da aka yi a filinsa ma an rushe su a 2023. Waɗanda ake ambato yanzu idan babban baƙo ya zo, irin su Tahir da Prince da Bristol, duk suna wancan ɓangaren ne na gabas. Taswirar masaukan Kano ta yau, in ka duba da kyau, ta zamanin Turawa ce aka ƙara wa benaye.

Abin da ya kawo ka shi zai zaɓa maka unguwa

Kuskuren da baƙi suka fi yi a Kano shi ne su zaɓi ɗaki kafin su zaɓi unguwa. Mutum zai ga hoton gado mai farin zanen gado a wayarsa, ya ga farashin ya yi masa, ya biya, sai da ya iso ya gane tsakaninsa da abin da ya kawo shi akwai rabin gari. Kano ba ta da tsakiya guda da kowa ke nufa. Kowace sana'a da cibiyarta, kuma cibiyoyin sun yi nisa da juna.

Mai sayen atamfa da shadda a Kwari, ko kayan masarufi a Singa, ko wanda zai shiga kasuwar Sabon Gari, Fagge da kewayenta ne wurinsa. Zai iya takawa da ƙafa, ya sayi kaya, ɗan dako ya kai masa masauki, ya koma ya ƙaro. 'Yan kasuwar da ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Agadas da Chadi da Kamaru sun daɗe da sanin haka, shi ya sa Fagge ta ci gaba da zama zango kamar yadda take tun zamanin raƙuma. Har yanzu akwai wanda ke sauka a hannun maigidansa na kasuwa, a ba shi ɗaki a saman shago ko a wani gida da aka ware wa abokan ciniki, kuma a nan za ka ji ana cewa, "Baƙon Alhaji ne, a yi masa sauƙi." Wannan kalma kaɗai tana iya sauke farashin dila fiye da duk wata gardamar da baƙon zai yi da bakinsa.

Mai sayen hatsi ko riɗi ko zoɓo kuwa Dawanau zai nufa, can kan titin Katsina, kuma in ya sauka a Hotoro ya haɗa kansa da aiki. Mai kayan gini da na mota, Ƙofar Ruwa. Mai wayoyi, Farm Centre. Wanda ya zo harkar jami'a ya tambaya tukuna, tsohuwar Bayero ce ko sabuwa, don tsohuwar na nan kusa da ganuwa, sabuwar kuwa sai an miƙe titin Gwarzo an wuce Kabuga da Rijiyar Zaki. Wanda zai bi jirgin asuba a filin Malam Aminu Kano ya kwana a arewacin gari. Wanda ya zo ganin kwamishina ko taron gwamnati, Nassarawa ta fi masa, sakatariyar Audu Baƙo da gidan gwamnati duk suna kusa.

Masu jinya su ne baƙin da ba a cika tunawa da su ba, alhali suna da yawa ƙwarai. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, asibitin ƙashi na Dala, asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, da asibitocin ido, duk suna jawo mutane daga Jigawa da Katsina da Yobe da Jamhuriyar Nijar. Mai jinya ba ya sanin ranar tafiyarsa. Likita zai ce a dawo jibi da sakamakon gwaji, jibi ta zama mako biyu. Wanda ya kama otal da lissafin kwana uku sai ya ga kuɗin magani na tafiya a kuɗin ɗaki. Shi ya sa za ka ga tabarmi shimfiɗe a barandun asibiti da harabar masallacinsa da dare. Ga irin wannan baƙo, ɗaki marar ƙyale-ƙyale da za a iya takawa zuwa gadon marar lafiya, kusa da mai shayi da mai abinci da kantin magani, ya fi kowane ɗaki mai sanyi da ke nesa.

Batun nisa ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, adaidaita sahu ta gaje ta. A 2022 gwamnati ta taɓa hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka baƙo ya tambayi dokar da ke ci kafin ya yi dare a waje. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abin da ake sakawa a lissafin tafiya tun daga gida. Ɗaki mai araha a bayan gari, idan aka haɗa da kuɗin shatar adaidaita safe da yamma, yana iya fin na kusa tsada. Ga kuma cunkoso. Gadojin Ƙofar Nassarawa da Gadon Ƙaya da Kabuga da Dangi sun rage wani abu, amma wanda ya taɓa bin titin Ibrahim Taiwo ko Bata ko Kurna da yamma ya san ba a yi wa mutum alkawarin lokaci daga can.

Idan an dace da unguwa, sai a zo ga ɗaki. Wanda ya saba tafiya ba ya fara tambayar girman talabijin. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ƙarfe nawa kuke tayar da inji, ƙarfe nawa kuke kashewa?" A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, na'urar sanyaya ɗaki da ba wuta ado ce kawai, kuma "akwai wuta" a bakin mai karɓar baƙi na iya nufin daga magariba zuwa sha biyun dare. Masaukai da yawa sun sa sola, amma solar da ke juya fanka dabam, wadda ke ɗaukar na'urar sanyi dabam. Sai ruwa: a buɗe famfo a gani da ido, in an ga bokiti biyu cike a banɗaki to an ba ka amsa. Da damina a duba raga a taga, a kuma duba ko layin na cika da ruwa a watan Agusta. Da hunturu a tambayi ruwan zafi. A leƙa a ga ko akwai ɗakin taron biki a harabar, domin daga Alhamis zuwa Lahadi kiɗan dije bai san akwai mai barci ba. Kuma a ga ɗakin kafin a biya, wannan ba rashin kunya ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafi mutunci, wanda a Kano ba ƙaramin abu ba ne. Jihar na bin Shari'a tun 2000, Hukumar Hisba kuma, wadda aka yi wa doka a 2003, takan kai samame masaukan da ake zargi da baɗala. Mutumin kirki da ya faɗa irin wannan wuri don araha na iya samun kansa cikin abin da bai ji ba bai gani ba. Sabon Gari na da nata yanayin, ana raya dare, akwai mashaya, akwai abincin Kudu, kuma tashar manyan motocin Kudu na New Road. Ga wani baƙon wannan ne daidai, ga wani kuwa ko sunan unguwar ba ya so a ji a gida. Direban adaidaita da ya ɗauko ka daga tasha ya san halin kowane masauki, amma a tuna wasu na da la'adarsu a inda suke kai mutane. Ya fi kyau a tambayi wanda ba shi da riba a amsar.

Gidan 'yan'uwa

To me zai hana mutum ya bi maganar dattijon Ƙofar Na'isa ya sauka a gida? Sau da yawa babu. In biki ne ko suna ko ta'aziyya, sauka a otal ma kusan laifi ne, don zaman da ake yi tare da daddare shi ne rabin zumuncin. Namiji a ba shi shagon samari ko a yi masa shimfiɗa a soro, mace ta shige cikin gida wurin 'yan'uwanta mata. Da safe ga koko da ƙosai, da rana a aiko yaro ya raka shi inda za shi. Ɗalibin ilimi ko ɗan ɗariƙa na da zawiyarsa: 'yan Ƙadiriyya na da gidan Shaihu Nasiru Kabara, inda ake cika maƙil lokacin maukibi, 'yan Tijjaniyya na da zawiyoyinsu a Sanka da Zangon Barebari da Salga da sauransu. Wanda ya zo kallon hawan Sallah kuma, babu otal ɗin da zai ba shi abin da gidan cikin gari zai ba shi, domin a lungu ake ɗaure dawakin, a ƙofar gida ake yi musu kwalliya, ya gani tun kafin a fita Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe.

Sai dai kyauta ma tana da kuɗinta, kuma ba kowa ke son a faɗa ba. Gidajen cikin birni sun cika. Gidan da kaka ya gina don iyali guda yanzu magada huɗu ne a ciki da 'ya'yansu, sorayen da ake saukar baƙi an mai da wasu shagunan haya. Ruwa a wurin 'yan garuwa ake saya jarka-jarka. Idan baƙo ya sauka, wani yaro ne ya bar masa katifarsa, wata uwar gida ce ta ƙara awo a cikin abin da bai isa ba, kuma ba za ta taɓa nunawa ba. Addini ya sa liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida. Mutanen da sun san wannan iyaka, kuma fatoma yana da la'adarsa. Mai masaukin yau ba shi da la'ada, sai dai kunya da ke hana shi magana.

Shi ma baƙon yana biya ta wata fuskar. Ba zai dawo bayan sha ɗayan dare ya buga ƙofa ba. Ba zai ɓoye abin da ya kawo shi ba, in neman aure ne ko shari'ar gado ko rashin lafiyar da ba ya so a sani, kafin ya tafi unguwa ta ji. In dangi biyu ne a garin, sauka wurin ɗaya ɓata wa ɗayan ne. A ganina wanda ya zo harkar kansa ta kwana da yawa, kuma yana da hali, ya kama ɗakinsa, sannan ya ware yini guda ya je ya gaida dangi da tsarabarsa, ya ci tuwon gidan, ya faɗa musu inda yake da lambar ɗakin. Za a yi masa ƙorafi, amma ƙorafin baki ne. Wanda kuma ya sauka a gida, kada ya zo hannu rabbana, kada kuma ya tafi bai saka wa yara da uwar gida wani abu a hannu ba.

Mata 'yan kasuwa su ne suka fi shan wahalar wannan zaɓi. Hajiyar da ta zo daga Gusau ko Yola sayen kaya a Kwari tana ɗauke da kuɗi, tana buƙatar wurin ajiye kaya, amma ta san irin kallon da ake yi wa mace ita kaɗai a bakin otal, da irin tambayoyin da za a yi mata. Da yawansu sukan haɗu su biyu ko uku su kama ɗaki guda, wasu su sauka wurin wata ƙawa da aka saba da ita, wasu kuma su shigo da motar asuba su juya da ta yamma don kada ma maganar kwana ta taso.

Idan Bakano ya zama baƙo

Duk wannan ilimi yakan gagari Bakano ranar da shi ma ya ɗauki jaka ya nufi Abuja. Garin da aka yanke shawarar ginawa a 1976 zamanin Janar Murtala, aka koma cikinsa a hukumance ranar 12 ga Disambar 1991, ba a zana shi da zango ba. An zana Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, an gina Hilton tun 1987, amma ba a yanka wa falke da mai neman aiki unguwa ba. Su suka yanka wa kansu a gefe: Zuba, Dei-Dei, Gwagwa, Karmo, Kubwa, Nyanya, da Mararaba wadda ke cikin jihar Nasarawa, da Suleja wadda ke jihar Neja. Rushe-rushen da aka yi lokacin da Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, sun ƙara tura masu ƙaramin ƙarfi waje, an kuma hana acaɓa shiga tsakiyar gari a 2006.

Don haka ɗan'uwan da Bakano ke taƙama da shi a Abuja, wanda ake cewa "ai yaron gidanmu na can", galibi a ɗaki ɗaya yake a Mararaba ko Gwagwa, yana fita kafin gari ya waye. Zai karɓe ka da murna, amma in ganawarka a sakatariyar tarayya ƙarfe takwas ce, to da idar da sallar asuba za ku kama hanya, don cunkoson Nyanya ba ya sauraron uzuri. Wanda ya zo jarrabawar ɗaukar aiki ko ganawa a ofishin jakadanci, kwana guda a ƙaramin otal a Garki ko Wuse ko Utako ya fi masa, ko da zai ci rabin guzurinsa, sauran kwanakin ya koma wurin ɗan'uwa. A Abuja kuma ana shiga mota ne a tasha ko a kira ta waya, saboda ɓarayin da ake kira wan-cans, masu ɗaukar fasinja a bakin titi su yi masa fashi a cikin motar. Wanda zai dawo ta jirgin ƙasan Kaduna ya lura tashoshin na Idu da Kubwa ne, ba tsakiyar gari ba.

Wani abin da Abuja ta ƙara shi ne gidajen haya na 'yan kwanaki, inda ake biya ta waya, a turo wa mutum lambar maigadi, ya shiga ya fita bai ga mai gidan ba. Irinsu sun fara yawa a Kano ma, a Nassarawa da sababbin rukunin gidaje, kuma masu zuwa biki daga nesa na son su saboda akwai kicin da falo, iyali guda su zauna tare. Ana damfara a nan ma: a sa hoton gidan wani, a karɓi kuɗin kafin alƙalami, a kashe waya. Masu wayo sukan tura wani da ke garin ya je ya ga gidan da idonsa, ya gaisa da maigadi, kafin su tura ko sisi. Wanda ake turawar kuwa yawanci ɗan'uwan nan ne na Mararaba, ko ƙanin aboki da ke Ƙofar Na'isa, wanda zai hau adaidaita da kuɗinsa ya je ya dubo, ya bugo waya ya ce, "Yaya, na gani, gidan na nan, amma injinsu ya lalace, in duba maka wani?"